Duwatsun Kiɗa na Birnin Kudu: Tarihinsu da Matsayinsu a Wasannin Gargajiya

Idan ana maganar kayan kiɗan Hausa, abin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne kalangu da ganga da kotso da goge da algaita, sai kuma na mata, irin su ƙwarya da shantu. Ba safai ake tuna dutse ba. Amma a Birnin Kudu, wadda take kudancin Jihar Jigawa, akwai duwatsun da aka daɗe ana kaɗa su, kuma ta dalilinsu ne sunan garin ya shiga rubuce-rubucen masana tarihin kiɗa na duniya. Wannan fasali zai dubi yadda aka yi ilimi ya san da su, da yadda suke ba da amo, da kuma aikin da suka yi a rayuwar mutanen wurin.

Birnin Kudu tana kudu maso gabas da Kano, tazarar fiye da kilomita 100, kuma a cikin Jihar Kano take har zuwa shekarar 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Ƙasa ce mai manyan duwatsu da koguna. Daga cikinsu akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, waɗanda a jikinsu ake samun tsofaffin zane-zane, mafi yawansu na shanu, da jan launi. Abin lura shi ne, da yawa daga cikin shanun da aka zana ba su da tozo, saɓanin bunaji da rahaji da Fulani suke kiwo a yau. Wannan ya sa masana suke ganin zanen ya daɗe ƙwarai.

Zanen ne ya kawo Bernard Fagg, Baturen Ingila mai kula da gidan kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, kuma wanda ya yi suna wajen binciken kayan tarihin Nok. A shekarar 1955, yana cikin aikinsa a Birnin Kudu, sai ya lura da wasu ramuka masu sulɓi a jikin duwatsun da ke kusa da zanen. Da aka bugi wurin da ƙaramin dutse sai ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Ya buga bayanin abin a mujallar Man a 1956, ya kuma sake yin wani rubutu a 1957 a kan duwatsun kiɗa da na zamiya. A rubuce-rubucen Turawa akan ce Fagg ne ya gano su. Wannan magana tana buƙatar gyara, domin yaran garin suna kaɗa su tun kafin zuwansa. Abin da ya yi, kuma ba ƙaramin aiki ba ne, shi ne ya rubuta, ya kwatanta su da na wasu wurare, ya sanar da duniya.

Dangane da yadda dutse yake ba da amo, ba kowane dutse ne yake yin hakan ba. Zafin rana da sanyin dare, shekara da shekaru, su ne suke tsaga dutse, har wani falle ya ɓamɓare ya zauna a kan ɗan'uwansa. Idan fallen ya dogara ne a wurare kaɗan, ƙarƙashinsa kuma akwai sarari, to idan an buge shi zai yi rawa, iskar da ke ƙarƙashin ta ƙara masa sauti. Wanda ya kwanta a ƙasa gaba ɗaya kuwa ba ya amsawa. Haka kuma kauri da faɗin fallen su ne suke bambanta amo, shi ya sa dutse ɗaya yakan ba da sauti mai kauri a wani gefe, siriri a wani. Ba sassaƙa shi aka yi ba, ba kuma a ɗauke shi a kai wani wuri. Makaɗin ne yake zuwa inda yake. Ramukan da ake gani a jikinsa kuwa gurbin bugu ne. Duk wanda ya san taurin irin wannan dutse zai gane cewa ba bugun shekara goma ko ashirin ne zai haƙa rami a jikinsa ba.

Bambancin amon nan yana da muhimmanci ga mai nazarin Hausa. Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai na sama da na ƙasa da faɗau, kuma da wannan ne kalangu yake iya kwaikwayon magana har a gane taken mutum. Dutsen da yake da amo biyu ko uku zai iya bin karin waƙar da aka sani, musamman idan mutane da yawa suka raba wuraren bugu, kamar yadda mata sukan raba taɓare wajen lugude.

Ta fuskar al'ada, bayanin Fagg ya danganta duwatsun Birnin Kudu da wasan yara da kuma bikin aure, inda amarya da ƙawayenta sukan je dutse, a yi kiɗa, a yi zamiya a kan falalen da ya yi sulɓi. Wato dai ba kiɗan fada ba ne, ba kuma na sana'a ba. Babu gidan da ya gaje shi yadda ake gadon kiɗan taushi ko na noma, babu sarkin kiɗa, babu kyauta. Mai yiwuwa wannan ne dalilin da ya sa bai samu gurbi sosai a rabe-raben kiɗan Hausa ba, domin yawanci akan raba kiɗa ne ta la'akari da makaɗi da ubangidansa, shi kuwa wannan ba shi da ko ɗaya.

Akwai wani kuskure da ya kamata a kauce masa, wato a ɗauka cewa masu zanen su ne suka fara kiɗan don kawai abubuwan biyu suna wuri ɗaya. Kogo wurin fakewa ne ga makiyayi da maharbi da yaro a kowane zamani, saboda haka kusanci kaɗai ba hujja ba ce.

Al'adar ba ta tsaya a Birnin Kudu ba. Idan aka nufi gabas, aka wuce ƙasar Gwaram, za a tarar da Shira a Jihar Bauchi, wadda ita ma take da duwatsu masu zane. An kuma ba da rahoton duwatsun kiɗa a Kufena kusa da Zariya da yankin Bokkos na Jihar Filato, haka nan a Sudan da Tanzaniya da Indiya. Matar Fagg, Catherine, ta tattara bayanansu na ƙasashe daban-daban a littafinta Rock Music na 1997.

Gwamnati ta sanya zanen Birnin Kudu cikin jerin kayan tarihin ƙasa, kuma Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ce take da alhakin kula da su. Sai dai doka tana iya tsare dutse daga masu fasa shi, amma salon bugu da waƙoƙin da suke raka shi a hannun tsofaffi suke da bakinsu, musamman matan da aka kai dutse a lokacin aurensu.