Halwa da Zikiri a Ƙasar Barno: Waiwaye Kan Tarihin Neman Natsuwa

A shekarar 1979 wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani shiri na mako takwas a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, inda yake koya wa marasa lafiya su zauna shiru su bi shigar numfashinsu da fitarsa, su kuma motsa gaɓoɓi a hankali. Daga koyarwar Buda ya ɗauko dabarar, ya tuɓe mata rigar addini domin ta shiga asibiti. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin taimaka wa waɗanda bala'i ya shafa, kuma jan numfashi a hankali yana cikin darussansa. Ga mutumin Maiduguri, wanda rikicin da ya ɓarke a 2009 ya hana wa barci, wannan batu ya wuce na hira. Sai dai ƙasar Barno ta daɗe da sanin hanyar.

Tun a ƙarni na 17 akwai zawiyar sufaye a Kalumbardo, ba nisa sosai da Birnin Gazargamu. Jagoranta, Shaihu Abdullahi al-Barnawi, ya tarbiyyantar da almajiransa a kan halwa, wato keɓewa daga jama'a tare da rage ci da barci da magana, har zuciya ta daina yawo. A 1677 mahara Abzinawa suka far wa garin suka kashe Shaihun. Abin lura a nan shi ne, mutanen da suka zaɓi shiru su ma takobi bai ƙyale su ba.

Daga baya Alhaji Umaru Futi ya ratsa ta Barno a kan hanyarsa ta dawowa daga Makka, zamanin Shehu Laminu, ɗauke da ɗariƙar Tijjaniyya. A nan ne ya kamata a dakata a duba yadda aikin yake. Mai lazimi yakan yi alwala, ya fuskanci alƙibla, ya ja istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, safe da yamma. Yatsu suna kan carbi, harshe yana maimaitawa, idan tunani ya zille sai ƙirga ta jawo shi. Ranar Juma'a bayan La'asar kuwa a taru a da'ira, jiki yana rangaji, muryoyi su haɗu su zama ɗaya. Ƙadirawa ma, musamman almajiran Shaihu Nasiru Kabara na Kano, suna da zikirin anfasu, wanda a cikinsa numfashi da kansa ke ɗauke da sunan Allah, bandiri yana riƙe masa ƙafa.

Kada kamannin nan ya ruɗe mu. Mabiyin Buda yana lura da tunaninsa ne domin ya gane cewa komai mai gushewa ne, har da abin da yake kira kansa. Sufi kuwa muraƙaba yake yi, yana halarto da cewa Ubangiji yana ganinsa. Natsuwar da ke biyo baya riba ce, ba ita ya fito nema ba. A ganina likitan da ya manta da wannan bambanci zai sha wahalar shawo kan dattijon Yerwa ya rufe ido.

Ba kowa ya yarda da waɗannan ayyuka ba. Ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta ɗauki yawancinsu a matsayin bidi'a, kuma muhawarar ta raba masallatai da gidaje a Maiduguri kamar sauran biranen Arewa. Duk da haka zawiyoyi irin ta Shaihu Sharif Ibrahim Saleh sun ci gaba da shimfiɗa farin ƙyalle ana wazifa.