Daga Rumbu zuwa Buhu Mai Magani: Tarihin Yaƙi da Ƙwarin Ajiya a Ƙasar Gazara da Kewayenta

Gabatarwa

Manomin Gazara, da takwarorinsa na Maƙarfi da Ikara da Kudan, yana da abokan gaba iri biyu: na gona da na ajiya. Wannan maƙala ta taƙaita ne ga na biyun, watau ƙananan ƙwari dangin buzuzu masu huda wake da masara da gyaɗa har su mayar da su gari. Manufarta ita ce a nuna cewa dabarar saka maganin ƙwari cikin raga ko cikin zaren buhu, wadda ake yi wa kallon baƙuwa, komawa ce ga tsohuwar hikimar rumbu.

Zamanin Rumbu

Kafin zuwan Turawa, kariyar amfanin gona ta dogara ne ga shamaki. Dawa da gero akan ajiye su da zangarniyarsu, dami-dami, a rumbu ko rahoniya, a liƙe baki da laka. Wake kuwa, wanda ya fi kowane abu saurin yin ƙwari, akan bar shi cikin kwansonsa, ko a cakuɗa shi da toka ko yashi ko barkono a tukunya. Toka da yashi suna toshe ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin wake, su hana ƙwaro yawo da yin ƙwai. Ka'idar guda ce: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Zuwan Guba

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa su suka sauya lamarin. Dalar gyaɗa ta tara dubban buhuna a fili, wata da watanni, sai ƙwari suka sami gari. A 1948 Turawa suka kafa hukumar binciken kayan ajiya ta Afirka ta Yamma, wadda a 1960 ta rikiɗa ta zama ta Nijeriya, kuma aka shiga lulluɓe dala da tamfol ana busa mata iskar guba. Daga nan tunanin kashe ƙwaro ya fara rinjayar tunanin hana shi shiga.

A ƙasar Zazzau, abin da ya ƙara wa wutar itace shi ne masara. Daga tsakiyar shekarun 1970, musamman bayan buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975, masara ta tashi daga abincin bayan gida ta zama amfanin kasuwa. Ita kuwa ba ta da juriyar gero, ga shi ana sussuke ta a zuba a buhu, buhu kuma ba bango ba ne. Sai manomi da ɗan kasuwa suka koma ga gamalin da ƙwayar Phostoxin da fiya-fiya, har wasu na zuba gubar kai tsaye cikin abin da za a ci. Sakamakon bai yi daɗi ba. A 2008 hukumar NAFDAC ta haramta jerin magungunan ƙwari, gamalin na ciki, bayan rahotannin mutanen da wake ya kwantar. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Nijeriya saboda yawan sinadarin fiya-fiya da aka tarar a cikinsa.

Komawa ga Shamaki

Mafita ta ɓullo ta hanyoyi biyu. Ta farko gidan sauro mai magani ne ya haife ta. Da masana suka gano yadda ake haɗa magani da zaren roba tun wajen saƙa, ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci, sai aka ga dabarar za ta yi wa ƙwarin ajiya. Kamfanin Vestergaard, mai yin gidan sauro na PermaNet, ya fito da buhun ZeroFly, mai ɗauke da deltametirin a zarensa. A Amurka kuma an gwada rataya irin wannan raga a ƙofofi da tagogin ɗakunan ajiya. Maganin yana jikin shamaki, ba a barbaɗa shi cikin abinci.

Sai dai da ɗan gari akan ci gari. Ƙwaron wake tun a gona yake yin ƙwai, tsutsarsa ta shige cikin ƙwayar ta girma a ciki, inda raga ba ta isa gare ta sai ta fito ta taɓa zaren. Wannan giɓi hanya ta biyu ta cike shi, watau buhun PICS mai riɓi uku na Jami'ar Purdue, wanda aka fara yaɗawa a 2007, ana kuma sarrafa shi a Kano. Ba shi da magani ko kaɗan. Iska yake toshewa har ƙwaron ya mutu, kamar dai bakin tukunyar da aka liƙe da laka.

Kammalawa

Abin da ke kan faifai shi ne wa zai ci ribar wahalar manomi. Wanda ba ya iya ajiya dole ya sayar da kaka a wulaƙance, ya dawo ya saya da damina da tsada. Bugu da ƙari, akwai aiki a gaban masu nazarin harshe: sunayen ire-iren rumbu da dabarun ajiya suna ɓacewa tare da dattawan da suka san su, alhali su ne kalmomin da malamin gona ke bukata domin ya fahimtar da manomi sabuwar dabarar.