Kwatanta awon ɗaukar lantarki na ruwa tsakanin ɗakunan gwaje-gwaje

Kwatanta awon ɗaukar lantarki hanya ce da hukumomin awo ke bi don gano ko ɗakunan gwaje-gwaje daban-daban za su fitar da adadi ɗaya idan aka ba su ruwa iri ɗaya su auna. Ɗaukar lantarki na nufin yadda ruwa ke barin lantarki ya ratsa ta cikinsa, kuma ya danganta da yawan gishiri da ma'adinan da suka narke a ciki. Da wannan awo ake tantance ruwan sha, ruwan ban ruwa da ruwan haɗa magunguna.

Ma'auni

Ana rubuta sakamakon da maikurosimens a kowace santimita (µS/cm), a zafi na digiri 25. Tataccen ruwa yana da 0.055 µS/cm kacal, ruwan teku kuwa yana kaiwa wajen 50,000 µS/cm. Masanin kimiyya ɗan ƙasar Jamus, Friedrich Kohlrausch, shi ya kafa hanyar awon a shekarun 1870. Har yau ana saita na'urori da ruwan gishirin fotasiyam kuloraid (KCl), kuma wanda aka fi amfani da shi yana ba da 1,413 µS/cm.

Abin da ke kawo bambanci

Babban dalili shi ne zafi. Adadin yana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100 a kowane digiri ɗaya. Ruwan da yake 900 µS/cm a digiri 25 zai nuna kusan 1,080 idan aka auna shi a digiri 35 ba tare da na'urar ta gyara lissafin ba, kuma irin wannan zafi ba baƙo ba ne a Kano cikin bazara. Sauran dalilan sun haɗa da dauɗa ko tsufan bakin na'urar da ake tsomawa, ruwan saiti da ya daɗe a buɗe har ya ƙafe ya ƙara kauri, da iskar da ruwa mai ƙarancin gishiri ke sha idan an bar shi a fili.

Yadda ake gudanar da kwatancen

Mai shirya gwajin yana haɗa ruwa guda, ya raba shi a kwalabe, ya aika wa kowane ɗakin gwaji ba tare da ya faɗi adadin ba. Kowa ya auna ya mayar da sakamako. Daga nan a duba tazarar da ke tsakanin sakamakon da adadin da aka tabbatar, a raba ta da gejin kuskuren da aka yarda da shi. Abin da ya fito ana kiran sa makin z. Maki 2 ko ƙasa da haka ya yi daidai, tsakanin 2 da 3 gargaɗi ne, daga 3 zuwa sama kuwa sai an binciki aikin. Misali, idan adadin gaskiya 1,413 ne, gejin kuma 28, ɗakin da ya kawo 1,480 zai samu maki 2.4. Ƙa'idojin ISO/IEC 17043 da ISO 13528 su ke tsara wannan aiki.

A matakin duniya, cibiyoyin awo na ƙasashe suna kwatanta junansu a ƙarƙashin Ofishin Awo na Duniya, BIPM, da ke Sèvres a Faransa, bisa yarjejeniyar amincewa da juna ta 1999. Ɗaya daga cikin waɗannan kwatance shi ne CCQM-K36, wanda aka yi a kan ruwa mai 5,000 µS/cm da mai 50 µS/cm.

A Najeriya

Ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Najeriya, NIS 554, wadda hukumar SON ta fitar a 2007, ta sanya 1,000 µS/cm a matsayin iyaka. NAFDAC ce ke sa ido a kan ruwan leda da na roba, NiNAS kuma ke tantance ɗakunan gwaje-gwaje bisa ƙa'idar ISO/IEC 17025, wadda ta buƙaci su riƙa kwatanta sakamakonsu da na wasu.

Muhimmancinsa a yankin Gwarzo da Kabo

Ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo suna yammacin Jihar Kano, inda jama'a da yawa suka dogara da rijiyoyi da burtsatse wajen sha, masu noman rani kuma suke amfana da fadamu da madatsun ruwa irin su Guzuguzu da kuma Challawa da ke maƙwabciyarsu Karaye. Idan ruwan sabuwar burtsatse yana kusa da iyakar 1,000, kuskuren kashi 10 cikin 100 ya isa a yi watsi da ruwa mai kyau, ko a amince da wanda ya wuce ƙa'ida.

Haka abin yake a gona. Jagorar hukumar FAO ta 1985 ta nuna ruwan ban ruwa da bai kai 700 µS/cm ba ba shi da matsalar gishiri, daga 700 zuwa 3,000 akwai matsala kaɗan zuwa matsakaiciya, sama da 3,000 kuwa matsalar mai tsanani ce. Albasa tana saurin jin gishiri fiye da tumatir, alkama kuma ta fi su duka juriya, don haka adadin yana shafar abin da manomi zai shuka. Bugu da ƙari, ba a iya gane ko gishiri na ƙaruwa a wata fadama daga shekara zuwa shekara sai idan awon bara da na bana sun dogara da saiti ɗaya.

Iyakar awon

Awon yana nuna jimillar abin da ya narke ne kawai, ba ya bambance gishirin girki da kanwa ko takin zamani. Ba ya kuma gano ƙwayoyin cuta. Ruwa na iya nuna 200 µS/cm amma yana ɗauke da ƙwayar kwalara, shi ya sa ake haɗa shi da gwajin ƙwayoyin cuta da na sinadarai irin su dalma kafin a ce ruwa ya dace da sha.