Tofi da Amfasi: Gadon Numfashi a Zango

Mu mazauna Zangon Kwatano, sunan unguwarmu kansa tarihi ne, domin zango shi ne inda ayari ke sauke kaya ya huta. Kakanninmu fatake sun bi hanyar goro daga Kano da Katsina, ta Nikki da Djougou, har Salaga a ƙasar Gwanja. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, ciniki kuma ya karkata bakin teku, da yawansu suka gangaro kudu. Babban ayari kan tafi da malaminsa, shi kuwa malamin yana tafe da wani ilimi da ba ya shiga mangala: ilimin numfashi.

Na farkonsa tofi. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi (SAW) kan karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya tofa a tafukansa, ya shafe jikinsa kafin barci. Daga nan malamanmu suka ɗauko tofi a ruwa ko a kan mai ciwo, numfashin da ya ɗauki aya ya zama waraka.

Na biyu zikiri. A Ƙadiriyya, ɗariƙar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, akwai amfasi, daga kalmar Larabci mai nufin numfashi. Muridai kan yi halƙa, suna fitar da sunan Allah daga ƙirji, shaƙa da fitarwa na tafiya da bugun bandiri, kamar yadda ya shahara a Kano zamanin Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996. 'Yan Tijjaniyya kuwa suna da hailalar Juma'a bayan la'asar, inda jama'a ke ja da murya ɗaya har ƙirazansu su daidaita.

Yau matasanmu na koyon yoga ta Indiya da dabarun numfashin Sin a wayoyinsu, likitoci ma sun tabbatar cewa fitar da numfashi a hankali na rage bugun zuciya. Magabatanmu sun san wannan natsuwa, sai dai ba su raba ta da ambaton Allah ba.

Tofi ba ya hana zuwa asibiti, domin neman magani ma sunna ne. Abin tsoron shi ne 'ya'yanmu, da Faransanci da Fon suka fi sauƙi a bakinsu, su tashi ba su san ma'anar amfasi ba. Mu zauna da dattawan masallacinmu, mu tambaye su tun suna raye. Allah Ya jiƙan magabata.