Tekun da Ya Kwanta a Borno, da Mutanen da Suka Bi Sawunsa

Ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari sun saurari sautin ba. Yau za mu bar sarakuna da yaƙe-yaƙe su huta, mu koma wani zamani da babu girgam, babu maroƙi, babu ko harafi ɗaya a rubuce. Shaidunmu na yau yashi ne, da laka, da wani tsohon icce.

A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya don shayar da dabbobinsa a kusa da ƙauyen Dufuna, tsakanin Potiskum da Gashuwa. Yau wurin yana ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, amma a lokacin duk Borno ce, tunda sai 1991 aka ƙirƙiro Yobe. Da haƙa ta kai kamar mita 5, sai ya ci karo da wani abu mai tauri. Ba dutse ba ne, icce ne sassaƙaƙƙe. Bawan Allahn nan bai fasa shi ya yi makamashi ba, ya kai maganar gaba, har ta isa Jami'ar Maiduguri. A 1994 Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri da Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka jagoranci tonon wurin. Abin da ya bayyana kwalekwale ne, tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kamar rabin mita, an sassaƙe shi daga gungumen icce guda, na dangin maɗaci.

Aka kai ɓaɓɓakensa ɗakunan gwaji biyu a Jamus, kowanne ya yi nasa awon daban. Yadda gwajin yake: duk abu mai rai yana shaƙar wani nau'in sinadarin kabon, ranar da ya mutu shaƙar ta tsaya, abin da ke jikinsa ya fara raguwa, rabi a duk shekara 5,730. Ka auna abin da ya saura, ka san yaushe aka sare iccen. Amsa ta fito kusan ɗaya daga wuraren biyu: shekara 8,000 da ɗoriya. Wato shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, kuma cikin 'yan ƙalilan mafiya tsufa a duniya. Dalar Giza ta Masar da ake ta magana, kwalekwalen Dufuna ya girme ta da fiye da shekara 3,000.

To amma tambayar da ta fi shekarun muhimmanci ita ce: me kwalekwale irin wannan yake yi a can? Komadugu Gana, kogin da ke kusa da Dufuna, ruwansa na damina ne. A nan ne mai tonon kayan tarihi shi kaɗai ba ya isa, dole ya kira masu kimiyyar ƙasa. Su ba kwalekwalen suka duba ba, bangon ramin suka duba. Ƙasar da ta binne shi hawa-hawa take, yashi, laka, yashi, laka. Ruwa mai gudu shi ke ajiye yashi, ruwa mai kwanciya shi ke ajiye laka. Ke nan wurin ya daɗe yana tsakanin kogi mai ƙarfi da fadama mai ambaliya. Kuma jiƙewar ƙasar ce ta ceci iccen: inda iska ba ta shiga, gara ba ta zuwa, ruɓa ma ba ta samun hanya.

Ina duk wannan ruwa yake tafiya? Duk wanda ya taɓa bin hanyar Maiduguri zuwa Konduga zuwa Bama ya bi gefen amsar, ko bai sani ba. Akwai wani dogon tudun yashi da tsakuwa a wannan layin, wanda masana ke kira Tudun Bama. Ba shi da wani tsayi na a zo a gani, shi ya sa ido ke wuce shi. Amma ya miƙe ɗaruruwan kilomita, ya shiga Kamaru har wajen Yagoua, kuma kusan duk inda aka auna shi tsayinsa ɗaya ne, kamar mita 320 daga doron teku. Iska ba ta jera tudu daidai wa daida haka. Abu ɗaya ne ke yin wannan aiki: igiyar ruwa da ta shekara ɗaruruwa tana dukan gaɓa ɗaya.

A watan Fabrairun 2000 kumbon Amurka mai suna Endeavour ya auna tudu da kwarin mafi yawan doron duniya da na'urar rada. Da aka ɗora wannan awo a kwamfuta, aka ce mata ta cika kwarin Chadi da ruwa har zuwa wannan tsayi, sai gaɓar ta zagayo ta haɗe, da tsofaffin bakin koguna da harsunan yashi duk a inda ya kamata su kasance. Girman tafkin ya kai kamar murabba'in kilomita 350,000. Ku kwatanta: Najeriya gaba ɗaya murabba'in kilomita 923,000 ce da 'yan kai. Tafki guda ya fi sulusin ƙasarmu. Inda Dikwa, Monguno, Kukawa da Ngala suke yau duk ƙarƙashin ruwa ne. Njamena ma haka. Maiduguri kuwa da a bakin gaɓa take zaune. A kwarin Bodele da ke arewacin Chadi zurfinsa ya wuce mita 150, kuma idan ya cika ya batse, ta Mayo Kebbi yake malala ya shiga Binuwai, ya bi Neja ya faɗa teku.

Yaya aka san lokacin da ruwan ya kai can? Wannan dabarar ita ta fi burge ni a duk labarin. Ƙwayar yashi tamkar ƙaramin batir take. Idan tana binne a duhu, tana tara caji a hankali daga wani tururi na ɗabi'a da ke cikin ƙasa. Da rana ta haska ta, cajin ya zube gaba ɗaya. Don haka mai bincike yana kafa bututu a jikin tudu, ya ciro yashi ba tare da haske ya taɓa shi ba, ya kai ɗakin gwaji mai duhu, ya auna cajin. Abin da yake samu shi ne ranar ƙarshe da ƙwayar ta ga rana. Da irin wannan awo aka nuna tafkin yana cike tun daga wajen shekara 11,000 da suka wuce har zuwa wajen 5,000. Mai kwalekwalen Dufuna ya rayu a tsakiyar wannan zamani, a bakin kogin da ke zuba cikin wannan teku.

Dalilin yawan ruwan kuwa daga sama yake. Kun san yadda katantanwa ke layi idan tana juyi? Duniya ma tana irin wannan layin, sai dai zagaye ɗaya yana ɗaukar shekara kamar 21,000. A wancan lokaci, bazarar arewacin duniya ta dace da lokacin da duniya ta fi kusa da rana. Sahara ta ƙara zafi, ta jawo iskar damina daga tekun Atlantika ta kai ta can arewa nesa da inda take tsayawa yau. Ciyawa ta rufe hamada, tafkuna suka cika.

Kuma kada ku ɗauka tun fil azal haka wurin yake da ruwa. Kafin wannan, wajen shekara 20,000 da suka wuce, akasin haka aka yi: hamada ta gangaro kudu da ɗaruruwan kilomita. A 1958 wani masanin labarin ƙasa na Ingila, A. T. Grove, ya bayyana cewa jerin tuddan yashin da ke gabashin ƙasar Kano zuwa Haɗeja tsofaffin tuddan hamada ne da ciyawa ta kama suka daina tafiya, duk sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, hanyar iskar hunturu. Jigayin da ake noma gero da gyaɗa a kansu ke nan, waɗanda jihar Jigawa ta ci sunansu.

Mu koma ga mutane. Can arewa, cikin hamadar Tenere ta Nijar, akwai wurin da ake kira Gobero. A 2000 tawagar Paul Sereno na Jami'ar Chicago ta je neman ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, sai ta faɗa kan maƙabarta mai kaburbura kusan 200 a bakin wani ƙafaffen tafki. Akwai mashin kamun kifi na ƙashi, da ƙasusuwan giwan ruwa, da na kada da dorina. Gwaji ya nuna al'umma biyu ne suka zauna a wurin, kuma tsakaninsu akwai giɓin kamar shekara 1,000 da babu kowa, daidai lokacin da tafkin ya ƙafe. Ruwa ya tafi, mutane sun tafi. Ruwa ya dawo, wasu sun zo.

Yadda wannan zamanin ya ƙare, masana sun daɗe suna ja-in-ja a kai. A 2000 Peter deMenocal da abokan aikinsa suka duba lakar da aka haƙo daga ƙasan teku gab da Muritaniya, suka ga ƙurar Sahara ta ƙaru farat ɗaya wajen shekara 5,500 da suka wuce. Suka ce hamada dirowa ta yi. A 2008 Stefan Kröpelin na Jami'ar Kolon ya fito da nasa daga tafkin Yoa na arewacin Chadi, inda laka ke kwanciya shekara-shekara kamar shafukan littafi. Garin furen da ke cikinta ya nuna bishiyoyi da ciyayi a hankali suka janye, cikin dubban shekaru. A ganina ba dole ɗaya ya kayar da ɗaya ba, tafki yana iya faɗuwa da sauri alhali daji yana mutuwa sannu. Amma ba musun banza ba ne. Ga makiyayi, canjin da ya ɗauki shekara 2,000 ƙaura ce ta kaka da jika, wanda ya zo cikin rayuwar mutum ɗaya kuwa masifa ce.

Abin da ya biyo baya a Borno shi ne zuciyar wannan shiri. Idan ka jera tsofaffin matsugunan yankin bisa shekarunsu, sai ka ga taswirar janyewar ruwa. A Konduga, cikin jikin Tudun Bama kansa, an samu fasassun tukwane masu fiye da shekara 6,000: mutanen bakin gaɓa ke nan. Gaba da tudun kuwa, inda da ruwa ne, babu alamar zama sai daga wajen 1800 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam. A lokacin ne makiyaya masu shanu, awaki da tumaki suka sauko kan filin yashin da tafki ya bari, waɗanda ake kira mutanen Gajiganna, da sunan garin da ke arewa da Maiduguri. Da farko irin ciyayin daji suke tarawa. Bayan wasu ƙarnuka sai sawun ƙaiƙayin gero na noma ya fara bayyana a jikin tukwanensu, domin suna cuɗa ƙaiƙayi da yumɓu kafin su gasa. Kuma tunda gindin tafki ba shi da dutse, duk gatarin dutse da dutsen niƙa da aka samu a wurin daga nesa aka ɗauko shi. Masana duwatsu sun bi diddigin wasu har tsaunukan Mandara. Fatauci ke nan, tun kafin a san raƙumi a yankin.

Sai Zilum, wajen shekara 2,500 da suka wuce. A sama fili ne kawai. Aka bi shi da na'urar da ke jin bambancin maganaɗisun ƙasa, ba tare da an sa ko shebur ba, sai hoton wani dogon gwalalo da ya kewaye matsugunin ya fito, faɗin ciki ya haura hekta 10. Gari mai kariya, a zamanin da ake zaton 'yan rugage ne kawai a wurin.

Wurin ƙarshe da aka shiga shi ne baƙar lakar nan da Barebari ke kira firgi, wadda ake dasa masakwa a kanta bayan damina. Ita ce ta fi daɗewa a jiƙe, don haka ita ta fi jinkirin karɓar mutane. Da suka zo kuma, ambaliya ta tilasta musu gini a wuri ɗaya, sabo kan tsoho, har tuddai suka tashi. Tudun Daima da Graham Connah ya tona a 1965 da 1966 ya haura mita 10: a ƙasa kayan dutse da ƙashi, a tsakiya ƙarfe, a sama tagulla da duwatsun ado na fatauci.

Wata 'yar magana a gefe, saboda na san abin da zai biyo baya a sashen sharhi. Wani zai ce mai kwalekwale Bahaushe ne, wani ya ce Babarbare ne, wani ya ce Bafulatani ne. Laka tana faɗin inda ruwa ya tsaya da abin da aka ci, ba ta faɗin yaren da aka yi ciniki da shi. Waɗannan sunaye duk 'yan jiya ne idan aka auna su da shekara 8,000.

Abin takaici, mafi yawan wannan aiki a Borno an yi shi ne daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon 2000. Rikicin da ya biyo baya ya faɗa daidai kan Bama, Konduga, Dikwa da Ngala, wato tsakiyar filin binciken. Kwalekwalen kansa, wanda aka ciro daga rami a 1998, a Damaturu yake.

Kwarin Bodele, wuri mafi zurfi na tafkin, bai gama ƙafewa ba sai wajen shekara 1,000 da suka wuce. Abin da ya rage a gindinsa farin gari ne marar nauyi, ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani, waɗanda suka mutu suka taru tsawon dubban shekaru. Idan iskar arewa maso gabas ta matso tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, sai ta kwashe shi sama. Ba wani wuri guda a duniya da ya kai Bodele tayar da ƙura. Kaso mai yawa na hazon da ke rufe Kano da Maiduguri a watan Disamba da Janairu, har jirage su kasa sauka, daga can yake, wani ma yana tsallake Atlantika ya sauka a dajin Amazon.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.