Daga Huhun Goro zuwa Buhun Siminti: Yadda Gidan Ɗantata Ya Ƙi Rushewa

A ƙasar Hausa ba yin arziki ne abin mamaki ba. Kowane zamani Kano tana da attajiranta, waɗanda ake buga misali da yawan jakunansu ko rumbunansu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kasuwancin da zai wuce ranar rabon gado. Mai gida yana rasuwa, a gama sadakar bakwai, a kira malamai su yi lissafi: mata su ɗauki tumuninsu, ɗa namiji ya sami rabon 'ya'ya mata biyu, a sayar da kanti a raba kuɗin. Babu wanda aka zalunta, amma jarin da yake juya gari guda ya koma guntu-guntu, yaran gida kuma kowa ya kama gabansa. Shi ya sa gidan Alhassan Ɗantata ya cancanci a tsaya a duba, domin ya haura shekara ɗari ana damawa da shi.

Asalinsu Agalawa ne, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin fatake uku da suka riƙe cinikin goro a ƙarni na 19, tare da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari yakan tashi daga ƙasar Kano a ƙarƙashin madugu, ɗauke da kanwa, baƙaƙen tufafin rini da kayan fata, ya yi watanni a hanya kafin ya isa Salaga ta ƙasar Gwanja, a arewacin Ghana ta yau. A can ake sayen goron da ya fito daga dazuzzukan Asante. Goro kuwa kaya ne mai shagwaɓa. Dole a riƙa kwance huhu a zango, a tsince wanda ya fara lalacewa, a yayyafa ruwa, a sake naɗe shi da ganye. Wanda ya yi sakaci, sai ya isa gida da asara. Wannan sana'a ta koya wa Agalawa abubuwa biyu da suka fi goron kansa daraja: lissafi, da sanin wanda za a ba amana a garin da ba ka nan.

An haifi Alhassan a Bebeji a 1877. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Akkara da kasuwancinta, aka bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Ya tashi a lokacin da tsohuwar hanya take mutuwa. Turawan Ingila sun karya Asante a 1874, yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar Salaga a 1892, ita ma Kano ta faɗa tata basasar a shekarar da ta biyo. Fatake da yawa sun ci gaba da bin sawun iyayensu da jakai har abin ya gagara. Alhassan yana cikin waɗanda suka fara loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun Ghana zuwa Legas, sannan a hau da shi arewa. Goron bai canja ba, amma ya riga na masu ayari isa kasuwa, kuma ya isa da ɗanyensa.

Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa sun shimfiɗa dogon ne da tunanin auduga, don masaƙun Ingila. Manoma suka yi nasu lissafin. Gyaɗa ta fi kuɗi a lokacin, ba ta kai auduga cin aiki ba, in kuma shekara ta yi tsanani ana iya ci. Daga 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har ta rasa wurin ajiya. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli, amma ba su san ƙauye ba, ba su san wa zai karɓi bashi ya biya ba. Tsofaffin fataken goro ne suka san wannan, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo, da shi Alhassan, wanda ya zama babban wakilin Kamfanin Neja, wanda daga baya ya narke cikin kamfanin UAC a 1929.

A nan ne asirin gidan yake, kuma ba wani sabon abu ya ƙirƙiro ba. Tsarin ubangida da yaransa ne na fatauci ya juya wa gyaɗa. Kafin kaka, sai a ba yaro kuɗi ko gishiri ko atamfa, ya shiga ƙauyuka ya raba wa manoma da ƙananan dillalai. Kaka ta yi, a zo da gyaɗa bisa jakai da raƙuma, a auna, a ɗinke buhu, a jera. Yaron da ya cika alkawari, baɗi a ƙara masa jari. A yi masa aure, a sama masa gida, wata rana ya zama mai yaran kansa amma bai bar ƙofar gidan ba. Ba takarda ba lauya. Abin da yake tsare kuɗin shi ne duk wanda ya ci amana ya gama ciniki a Kano. Da bankin Turawa na BBWA ya buɗe reshe a Kano a 1929, labarin da ya shahara shi ne Alhassan ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. Mutane sun fi riƙe raƙuman, amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ya yarda da banki tun lokacin da takwarorinsa suke binne kuɗi a ɗaka.

Ya rasu a watan Agusta na 1955, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa kuɗi a Afirka ta Yamma. Kafin nan ya riga ya tattara harkokinsa a ƙarƙashin kamfani mai suna Alhassan Dantata and Sons, ya kuma tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya kada su wargaza shi. An raba gado yadda shari'a ta ce, wasu kamar Sanusi suka gina nasu kasuwancin, amma uwar kamfanin ta tsaya. Ɗansa Ahmadu ya riƙe ta, da ya rasu a 1960 ɗan'uwansa Aminu ya karɓa.

Gyaɗar kanta ba ta daɗe ba. Farin farkon shekarun 1970, cutar da ta cinye gonaki a 1975 da kuɗin man fetur suka share dalar gyaɗa daga Kano, a 1986 kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona gaba ɗaya. Gidajen da suka dogara da lasisin awo kaɗai sun tafi tare da ita. Aminu ya riga ya shiga gine-gine, sufuri da sayar da motoci, dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 kuma suka buɗe masa ƙofar hannun jari a kamfanonin baƙi. Ba a kuma ɓoye cewa ya yi kwamishina a gwamnatin Audu Baƙo. Duk mai ba da wannan tarihi ya tsallake kusancin gidan da hukuma, tun daga lasisin Turawa har kwangilolin soja, rabin labari ya bayar.

Haka yake ga Aliko Ɗangote, ɗan Mariya 'yar Sanusi Ɗantata, wanda aka haifa a 1957, ya tashi a gidan kakansa bayan rasuwar mahaifinsa. Ya fara a 1977 da rancen da ya samu a cikin dangi, irin jarin da ake ba yaron gida. Shekaru ya yi yana shigo da sukari, shinkafa da siminti, kafin ya koma yin su a gida. Masana'antar Obajana a Jihar Kogi ta tashi ne bayan gwamnatin Obasanjo ta ɗaure lasisin shigo da siminti ga masu kafa masana'anta, abin da abokan hamayyarsa har gobe suke kuka da shi. A 2023 aka ƙaddamar da matatar mansa ta Lekki mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana.

Matsalar gado kuwa ya bi mata ta wata hanyar da kakan mahaifiyarsa bai samu ba. Tun 2010 kamfanin simintin yana kasuwar hannun jari, inda magada za su iya raba takardun hannun jari ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya a masana'anta ba. Aminu Ɗantata ya rasu a watan Yuni na 2025, aka binne shi a Madina. Wata guda bayan haka Aliko ya sauka daga shugabancin hukumar Dangote Cement, ya miƙa kujerar ga Emmanuel Ikazoboh, wanda ba ɗan gidan ba ne, 'yarsa Mariya kuma ta shiga hukumar.