Daga Tsumma Zuwa Famfas: Tarihin Rainon Jarirai a Zangon Tamale

Garin Tamale, wanda a yau shi ne babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Gana, bai fara bunƙasa sosai ba sai bayan da Turawan Ingila suka ɗauke mazaunin mulkinsu na ƙasashen arewa daga Gambaga suka mai da shi can a shekarar 1907, a zamanin da fataken da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa suke bazuwa cikin sababbin kasuwanni. Hausawan da suka sauka a garin, wanda asalinsa na Dagombawa ne, sun kafa zango, wato unguwar baƙi Musulmi 'yan kasuwa, kuma tare da goro da tufafi da karatun allo sun zo da al'adunsu na haihuwa da goyo, waɗanda suka tarar da kwatankwacinsu a wajen masu masaukinsu.

A wancan zamani abin da ake tare kashi da fitsarin jariri da shi shi ne tsumma, wato tsohon zane da ya sha wanki har ya yi laushi, wanda ake yayyagawa a tara tun kafin mace ta sauka. Uwa takan shimfiɗa shi a cinyarta ko ta sa shi a ƙarƙashin zanen goyo kafin ta ɗaura majanyi, in ya ɓaci a wanke da sabulun salo a shanya a rana, a shafa wa yaro man kaɗe, wanda ƙasar Dagomba take da arzikinsa, domin kada fatarsa ta saɓule. Bugu da ƙari, da yake jariri yana wuni a jikin mai goyonsa, takan gane motsinsa tun kafin ya yi, ta zaunar da shi a kan ƙafafunta, ta haka yaro yakan saba da tsuguno tun yana ɗan watanni. Wannan tsari bai ci kuɗi ba, amma kuskure ne a ɗauka cewa kyauta yake, domin ya dogara ne a kan wadatar ruwa da kuma yawan hannuwa.

Maganar hannuwan ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. A al'adar Hausawa mai haihuwar fari takan tafi wankan gida, wato ta koma gaban iyayenta ta yi jego na kwana arba'in ko fiye, inda ungozoma ko wata tsohuwa take yi wa jariri wanka, ake dama wa mai jego kunun kanwa, ake kuma ɗauke mata wanki da girki. Dagombawa sun fi tsawaita abin, gama matar da ta haihu, musamman ta fari, takan koma gidan ubanta bayan suna ta zauna har yaro ya fara tafiya, wani lokaci kusan shekara biyu, kuma Christine Oppong ta yi bayanin irin wannan raino, tare da al'adar bai wa gwaggo riƙon 'yar ɗan'uwanta, a littafinta kan tasowar yara a Dagomba wanda ya fito a 1973. Abin da wannan ya haifar shi ne, da wuya a bar mace ita kaɗai da jariri mai kuka tsawon dare. In ta gaji akwai kaka ko kishiya ko ƙanwa da za ta karɓe shi, in kuma ranta ya ɓaci har ta ɗaga hannu akwai idon da zai gani da bakin da zai tsawata. Kariya ce ta gaske ga yara, ko da yake ba a taɓa kiran ta da wannan suna ba. Sai dai adalci ne a faɗi cewa wani yaron ne ya biya farashinta, wato 'yar raino, yarinyar da takan wuni da goyo da wankin tsumma alhali sa'o'inta suna makaranta.

Canji ya shigo a hankali. Asibitoci da wuraren awon jarirai sun yaɗa nafkin, ƙyalle mai kaurin tawul da ake maƙalewa da fil a rufe da wandon roba, wanda shi ma wanki yake bukata. Kunzugun da ake amfani da shi sau ɗaya a yar, wanda kamfanin Procter & Gamble ya fitar a Amurka a 1961 da sunan Pampers, kuma daga nan jama'a suke kiran kowane irinsa famfas, ya daɗe yana kayan masu hali kafin ya cika kasuwar Aboabo da shagunan unguwa, inda ake ɓalle ƙunshi a sayar ɗaya-ɗaya. Karɓuwarsa ba ta rasa nasaba da halin da garin ya shiga: ƙidayar 2021 ta samu sama da mutum 370,000 a ƙaramar hukumar birnin kaɗai, ruwan da ake tacewa a Dalun daga kogin Farar Bolta ya daɗe da gaza wa jama'a, madatsun ruwa na unguwanni sukan ƙafe da rani, iyalai da yawa kuma sun koma ɗakin haya guda nesa da dangi. 'Yan matan da a da su ne masu raino, wasu suna makaranta, wasu sun tafi Akara da Kumasi aikin dako a kasuwanni. Matar da take sayen ruwa jarka-jarka, take kuma fita talla ko ɗinki tun safe, ba ƙyuya ce ta raba ta da tsumma ba.

Ta haka ɗawainiyar da a da ruwa da dangi suke ɗauka ta koma ta kuɗi, kuɗin kuwa ya yi tsananin wuya a ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari. Mai ƙaramin ƙarfi takan bar famfas ɗaya a jikin yaro daga safiya har dare, ko ta sayi mai arha wanda ake shigowa da shi a dila ba tare da rufi mai tsafta ba, irin wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta sha gargaɗi a kansa tana kuma ƙwacewa. Sakamakon shi ne ƙuraje da saɓulewar fata, da yaron da ba ya barci saboda raɗaɗi.

A nan ne maganar ta haɗu da ta cin zarafin yara. Tun a 1971 likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan Ingila Norman Guthkelch ya nuna cewa jijjiga jariri da ƙarfi yana iya sa jini ya zuba a cikin ƙoƙon kansa, kuma likitocin yara sun tabbatar da cewa kukan da ya ƙi tsayawa shi ne abin da ya fi tunzura mai raino zuwa ga haka. A 2013 wani bincike da Megan Smith ta Jami'ar Yale ta jagoranta a birnin New Haven na Amurka ya gano cewa kusan kashi 30 cikin ɗari na iyaye mata masu ƙaramin ƙarfi da aka tambaya ba sa samun isasshen kunzugu, kuma su ne suka fi kukan damuwar zuciya. Ba a nufin talauci yana mai da uwa azzaluma, gama mafi yawan matalauta suna rainon 'ya'yansu da haƙurin da ya isa abin yabo. Abin da ake nufi shi ne gajiya da rashin barci da kunyar gazawa suna cinye haƙurin mutum, kuma hatsarin yana ƙaruwa ne inda babu mai karɓar goyo.

Gana ba ta yi sake ba ta fuskar doka, domin ita ce ƙasar farko da ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990, ta kafa dokar yara da sashen 'yan sanda mai kula da mata da ƙananan yara a 1998, sannan dokar hana cin zarafi a cikin gida a 2007. Amma waɗannan duka sukan iso ne bayan ɓarna ta auku. Matakin da ya fi kusa da tushen matsalar shi ne shirin LEAP 1000 na 2015, wanda gwamnati, da taimakon UNICEF da USAID, ta riƙa bai wa matalautan gidaje masu mai ciki ko jariri kuɗi duk wata biyu, tare da rajistar inshorar lafiya kyauta, a gundumomi goma na arewa, ciki har da Yandi da Karaga. Masu binciken da suka bi sawun shirin sun samu raguwar yawan duka da cin mutuncin da matan suke sha daga mazajensu, ko da yake shirin ya karkata ne ga karkara, inda kaka da gwaggo suke kusa, fiye da ɗakunan haya na cikin birni.